Kokawa, Dambe da Shaɗi a Ƙasar Yauri: Tarihin Yadda Saurayi ke Samun Fagensa

Ƙasar Yauri, wadda a tsarin mulki na yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, wuri ne da wasannin jarumta iri daban-daban suka daɗe suna zaman maƙwabtaka ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Abin da ake nufi da wasan jarumta a nan shi ne duk wata karawa da mutum biyu ke yi a gaban jama'a, bisa ƙa'idar da kowa ya sani, domin a gane wanda ya fi ƙarfi ko dabara ko juriya, alhali babu wata gaba a tsakaninsu, kuma kokawa da dambe da shaɗi duk sun shiga cikin wannan ma'ana. A yau saurayin da ke zaune a Yelwa ko Wara yana iya tsayawa ya tambayi kansa wanne daga cikinsu ya dace da burinsa, har ya haɗa da baƙin wasannin da yake gani a wayarsa, amma wannan tambaya sabuwa ce ƙwarai. A mafi yawan tarihin ƙasar, gidan da aka haifi yaro da sana'ar da ya tarar a hannun mahaifinsa su ne ke nuna masa fagen da zai shiga, kuma kowane wasa an sassaƙa ƙa'idojinsa ne daidai da buƙatar mutanen da suka riƙe shi, ta yadda idan aka karanci ƙa'idar da kyau ana iya gano buƙatar da ta haife ta.

Kogin Neja, wanda mutanen yankin suka fi sani da Kwara, shi ne ya tsara zaman ƙasar. Kafin a datse shi, idan ya iso Yauri sai ya baje ya rarrabu, ya bar tsibirai masu yawa a tsakiyarsa, kuma mazauna waɗannan tsibirai su ne Hausawa suka kira Gungawa, daga gungu wato tsibiri, alhali su suna kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. Sun yi suna wajen noman albasa na rani, wanda suke shayarwa da hannu daga ruwan kogi, da noman hatsi da su da sarrafa kwalekwale. A kan tudu kuwa akwai Kambari, manoman da suka fi yawa a ƙasar Ngaski, da Shangawa ta arewa, da Dukawa ta gabas, sai Lopawa a gaɓar kogi ta kudu, da Sarkawa, masuntan da ke danganta asalinsu da Kabi, da Fulani makiyaya masu bin fadamu da rani. A bisa waɗannan duka aka sami gidan sarauta mai magana da Hausa wanda ya zauna a Birnin Yauri, aka kuma lissafa ƙasar cikin Banza Bakwai a labarin gargajiya. A da, fataken goro masu tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja suna ƙetare kogin a wannan yanki, don haka kasuwa da harshen Hausa suka kafu da wuri. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski wanda ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya fara aikinsa na tarihi ne da nazarin mulkin Yauri a ƙarni na 19, kafin littafinsa na 1978 mai suna The Hausa Factor in West African History, kuma hoton da ke fitowa daga ayyukansa shi ne na ƙasar da Hausawa suka riƙe sarauta da ciniki a cikinta, yayin da noma da kogi suka kasance a hannun wasu al'ummomi. Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin rabon wasanni.

Ƙarni na 19 bai yi wa Yauri daɗi ba. Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 sarakunanta sun zauna bisa amana da Gwandu, rikicin gadon sarauta ya yi ta cin gidan, sannan hare-haren kamun bayi daga Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa, suka addabi ƙauyukan tudu, musamman na Kambari, har tsibirai suka zama mafaka ga talaka da basarake, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da fada a Yelwa a 1888. Ganin irin wannan zamani, abu ne mai sauƙi a ce kokawa horon yaƙi ce, kuma sau da yawa haka ake faɗa. Wannan bayani bai isa ba. Yaƙin wancan lokaci da kwari da baka da mashi da doki ake yin sa, a ruwa kuma da kwalekwale, kuma abin da mayaƙi ke buƙata, wato ya raunata abokin gaba cikin gaggawa, shi ne ainihin abin da dokar kokawa ta hana. Ƙarfin jiki da rashin tsoro suna amfani a ko'ina, amma manufar kokawa dole a neme ta a cikin zaman lafiyar ƙauye.

Lokacin kokawa shi ne kaka, bayan an girbe hatsi an cika rumbuna, sa'ad da ciki ya ƙoshi kuma aikin damina ya bar ƙarfi a jikin samari. Ana share fili mai yashi, jama'a su kewaye shi, makaɗa su zauna a gefe guda, sannan a fara da ƙananan yara, a hau zuwa matasa, sai can a ƙarshe gwanaye su fito. Ɗan kokawa yakan shiga fage ba riga, da walki ko gajeren wando, da kambu a damtse da guru a ƙugu, wato layun da aka ɗinke cikin fata, waɗanda ake ɗaurawa don neman sa'a da kariya. Idan biyu suka fuskanci juna sai kowanne ya sunkuya, ya ware ƙafafu, ya ɗebi yashi ya murje tafin hannunsa don kada gumi ya sa kamu ya suɓuce, sannan su fara laluben juna, wannan ya kai hannu wuya wancan ya doke, har goshi ya haɗu da goshi. Daga nan mai kallo da bai saba ba zai ga kamar babu abin da ke faruwa, alhali kowanne yana auna inda nauyin abokinsa ya karkata, yana jiran ya ɗaga ƙafa ɗaya ko ya saki numfashi. Kayen kansa kamar ƙiftawar ido yake zuwa, ta hanyar taɗiya ko ɗaukar ƙafa ko sungumar ƙugu, kuma da zarar baya ko mazauni ya taɓa ƙasa, a wasu wuraren ma ko gwiwa ce, an gama. Sai guɗa ta tashi, abokai su ɗaga gwaninsu a kafaɗa, wanda aka kayar kuma ya miƙe ya kakkaɓe yashi ya koma cikin mutanensa da ƙafarsa.

Wannan miƙewar da wanda aka kayar ke yi ita ce zuciyar al'amarin. A kokawa babu naushi, babu shuri, babu cizo, babu shaƙe wuya ko murɗe yatsa, kuma ba a bin wanda ya faɗi ƙasa a ci gaba da shi. Dalilin a fili yake idan aka duba su wane ne ke karawa. Abokin karawar ɗan tsibiri ɗan tsibirin da ke kusa ne, ƙauyen da ake auro mata daga cikinsa, wanda ake gayyata ranar gayya, wanda kwalekwalensa ne zai fara isowa ranar da na wani ya kife. Al'ummar da ke zaune haka tana buƙatar hanyar da samarinta za su fitar da zafin jini su san wa ya fi wa, amma ba za ta iya ɗaukar asarar hannu ko ido ba, domin wanda ya karye da kaka albasarsa za ta bushe da rani, iyalinsa kuma su shiga wani hali. Saboda haka aka gina wasan da nasara a cikinsa cikakkiya ce, kowa ya gani da idonsa, amma ba ta barin tabon da zai zama abin ramuwa. Hikima ce babba, kuma ba a cika yaba mata yadda ya kamata ba, watakila saboda manoma ne suka ƙirƙiro ta kuma ba su rubuta ta ba.

Manufa ta biyu ita ce aure. 'Yan mata suna cikin masu kallo, iyayensu ma haka, kuma ƙarfin baya da cinya da damtse da ke kayar da ƙato shi ne dai ƙarfin da ke jan garma, ya ɗauki damin dawa, ya tuƙa kwalekwale gaba da igiyar ruwa. A wurin Dukawa da maƙwabtansu Dakarkari na ƙasar Zuru akwai al'adar golmo, inda saurayi ke shiga ƙungiyar tsararrakinsa su yi wa iyayen budurwarsa noma na shekaru, waɗanda aka fi ƙidayawa bakwai, kafin a ba shi mata, kuma har yau kokawa tana cikin abubuwan da ake yi a bikin Uhola na Zuru. A irin wannan tsari, inda dukiyar aure gumi ce, fagen kokawa wuri ne da ake ganin abin da saurayi zai iya kawowa gidan surukai tun kafin ya buɗe baki. Masanin al'adu ɗan Amurka, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya ƙara manufa ta uku a wata maƙala da ya rubuta musamman kan kokawar Gungawa, inda ya ɗauke ta a matsayin alamar iyaka, wato abin da wata al'umma ke riƙewa don ta nuna inda ta tsaya da inda maƙwabtanta suka fara. Bisa wannan fahimta, Bagunge ba ya shiga fage don kansa kaɗai, yana shiga ne ya shaida wa Hausawan gari da Kambarin tudu cewa mutanen tsibiri suna nan, kuma akwai abin da suka fi kowa iyawa.

Dambe kuwa daga wata duniya ya fito. Asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda ake kira Rundawa, kuma shaidar wannan ta daɗe a rubuce, domin matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ba da labarin cewa a 1824 ya biya wuri 2,000 a Kano don a nuna masa dambe, 'yan damben suka zo da makaɗa da taron mahautan gari, shi kuma ya hana a yi da gaske saboda an shaida masa cewa karawar takan kai ga rasa rai. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare ya ɗaure tamau har dunƙulen ya yi tauri, wannan hannu shi ne mashi, ɗaya hannun kuma da yake miƙawa gaba a buɗe don kare kai da auna tazara shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, turmi kuwa shi ne zagaye ɗaya na karawa, kuma nasara ita ce kisa, wato a buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya kai ƙasa, idan kuma turmi uku suka ƙare ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. Kalangu, gangar mahauta, shi ne ke kiran kowane gwani da takensa, shi kuma ya fito yana kirari jikinsa na tsuma.

Idan aka tambayi dalilin da ya sa dambe ya yarda da abin da kokawa ta hana, amsar tana cikin rayuwar mahauci. Mahauci mutumin kasuwa ne, yana bin cin kasuwanni da bukukuwan kaka daga gari zuwa gari inda ake buƙatar nama, kuma wanda zai kara da shi baƙo ne da ba lallai su sake haɗuwa ba sai a wani fagen. Ba gona ɗaya suke nomawa ba, ba kuma surukai ba ne. Abin da ɗan dambe ke nema shi ne suna mai tafiya, wanda zai riga shi isa garin da bai taɓa zuwa ba, da kyautar da masu kuɗi ke liƙawa, da waƙar da za ta wanzu bayan ƙarfi ya ƙare, kamar yadda waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace ta sa sunan Shago ya zauna a bakin mutanen da ba su taɓa ganin dambensa ba. Irin wannan suna ba ya samuwa sai da haɗari na gaske. Hatta laƙabin 'yan dambe yana nuna cewa zumuncinsu na sana'a ne, domin ana kiran mutum Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane, ana jingina shi ga maigidan da ya koya masa, ba ga ƙauyen da aka haife shi ba. A ƙasar Yauri dambe ya biyo hanyar da Hausa ta biyo, wato kasuwa da gari da unguwar mahauta, shi ya sa ya fi zama wasan Yelwa da manyan kasuwanni, kokawa kuma ta zama ta tsibiri da ƙauyen noma.

Shaɗi, wanda Fulani ke kira sharo, ya bambanta da su biyun domin ba a auna abin da mutum zai iya yi wa wani, ana auna abin da zai iya ɗauka ne. Saurayi yana tsayawa ba riga, ya ɗaga hannu, tsaransa ya tsula masa tsumagiya a haƙarƙari, shi kuma ya ci gaba da murmushi ko duba madubi kamar ba a taɓa shi ba, daga baya ya rama. Makiyayin da zai kwana a daji da shanu cikin sauro da yunwa da ƙishi, abin da danginsa ke son tabbatarwa shi ne zai iya danne zafi ba tare da ya nuna ba, kuma wannan na cikin abin da Fulani ke kira pulaaku, wato halin kamun kai da kunya da juriya. Gungawa ma suna da jarumtar da ba ta tudu ba, ta fuskantar dorina da kada daga cikin kwalekwale, kuma da ita ake danganta asalin bikin Rigata, wanda ake yi a Yauri da tseren jirage da nuna gwanintar ruwa, aka kuma farfaɗo da shi a zamanin Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999.

Abin da ya girgiza wannan tsari gaba ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 136, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirin Foge da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka zaunar da su a sababbin ƙauyukan da hukuma ta gina da siminti. Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin ruwa ya ci gonakin albasar da suka gada, aka maida da yawansu manoman tudu a ƙasar da ba su san halinta ba. Kokawar ƙauye da ƙauye tana rayuwa ne bisa tsohuwar hamayya, wato sanin cewa bara mutanen wancan tsibirin ne suka yi kaye kuma bana sai an rama, to da aka sauya wa ƙauyuka mazauni aka kuma canza musu maƙwabta, sai igiyar wannan hamayya ta yi rauni a wurare da dama. Duk da haka, binciken Salamone ya zo ne jim kaɗan bayan tashin, kuma ya tarar da kokawa tana da rai har ta cancanci a yi mata nazari na musamman, abin da ke nuna cewa mutanen da suka rasa ƙasarsu sukan ƙara ƙanƙame abin da za su iya ɗauka a jikinsu su tafi da shi. A ɗaya ɓangaren, tafkin ya jawo masunta daga nesa, tungaye suka yawaita a gaɓarsa, kasuwannin kifi irin na Yelwa da Wara suka bunƙasa, kuɗi suka shiga hannun matasa. Inda baƙi da kuɗi suka taru, nan ne ƙasar dambe.

Akwai kuma sauyin addini da na kamanni. A wata maƙalarsa ta 1975 Salamone ya bayyana yadda Bagunge ke zama Bahaushe sannu a hankali ta hanyar karɓar Musulunci da komawa gari da ɗaukar harshe da sutura, kuma wannan tafiya ta ƙara sauri bayan tafki. Musulunci bai hana kokawa ba, domin malamai suna kawo ruwayar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, abin da suka yi inkari shi ne abubuwan da ke kewaye da fage, irin su tsiraici da cakuɗuwar maza da mata da giya da dogaro da tsafi. Dambe ne ya fi shan suka, saboda hanin da ya zo a hadisi game da dukan fuska da kuma cutar da jiki da gangan. Sakamakon haka kokawa ta rage wasu kayanta na da ta ci gaba, amma ta rasa wani ɓangare na aikinta, domin da sadaki da lefe suka maye gurbin noman surukai a gidaje da yawa, uban yarinya ya koma tambayar abin da saurayi ke samu a wata, ya daina tambayar wanda ya kayar da kaka.

Hukuma ta shigo a wannan gaɓa ta ba wasannin sabuwar manufa, wato gasa da kyauta. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙidaya farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya zama dandalin da 'yan kokawa da 'yan dambe na yankin Kabi ke haɗuwa, kuma gasar wasanni ta ƙasa da Nijeriya ta fara a 1973 ta zo ta buɗe ƙofa ga wasannin gargajiya. Jamhuriyar Nijar ta yi nisa ƙwarai a wannan hanya, domin tun 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, take shirya gasar kokawa ta ƙasa inda jihohi ke turo gwanayensu, wanda ya yi nasara a ba shi takobi, kuma Issaka Issaka na Doso, jihar da ke iyaka da Kebbi, ya ɗauki takobin nan sau da dama har sunansa ya zama sananne a duk inda ake jin Hausa. Dambe shi ma ya tashi daga hannun mahauta kaɗai ya zama sana'ar duk mai zuciya, aka gina gidajen dambe da ake biyan kuɗin shiga a Kano da Abuja da Legas da wasu garuruwa, 'yan wasa suka rabu ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramada, ana sa babur ko mota a gasa, hotunan karawa kuma suna yawo a YouTube da Facebook. Baƙin wasanni sun zo ta majigi da gidajen kallo da barikin soja da makarantu. Ɗaya daga cikinsu, judo, wanda Jigoro Kano ya tsara a Japan a 1882, ya bi tunanin da manoman Kwara suka riga suka sani, domin ya ware dabarun da ke raunatarwa daga karawar yau da kullum don almajirai su gwada ƙarfinsu duka ba tare da sun illata juna ba. Wani kuma, taikwando na Koriya, ya nuna cewa ɗan wannan yanki na iya kaiwa ƙoli, domin da shi Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Ta haka zaɓi ya faɗo hannun saurayin Yauri, kuma tarihin da aka bi yana da abin da zai gaya masa, domin ƙa'idojin wasannin ba su manta dalilin da aka kafa su ba ko da jama'a sun manta. Wanda burinsa ƙarfin jiki ne da lafiya mai ɗorewa, ko shirin shiga aikin ɗamara, ko iya riƙe kansa idan wani ya cakume shi, kokawa ta fi kusa da buƙatarsa, saboda an gina ta ne don a yi ta shekara da shekaru a kuma tashi lafiya, ba ta buƙatar kayan da suka wuce yashi da abokin karawa, kuma gwaninta na iya wucewa zuwa kokawar zamani ko judo ba tare da ya faro daga tushe ba. Wanda ke neman kuɗi da suna cikin hanzari dambe ne zai ja shi, kuma ba daidai ba ne a raina wannan buri a ƙasar da aikin yi ya yi ƙaranci, sai dai ya kamata ya shiga da sanin cewa wasan an gina shi ne a kan haɗari. Dukan kai da ake maimaitawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, illarsa kuma takan ɓoye sai bayan shekaru ta bayyana a matsayin mantuwa ko rawar jiki ko nauyin baki, ga karyewar haƙori da muƙamuƙi da mutuwar ido, kuma ba kowane fage ne ke raba 'yan wasa bisa nauyi ko ya ajiye ma'aikacin lafiya a gefe ba. Kaɗan ne ke hawa motar gasa, masu yawa kuwa suna komawa gida da abin da bai wuce kuɗin mota da na magani ba. Shaɗi har yanzu na masu shi ne, ba wasan da bare ke zaɓa ba. Taikwando da karate suna da hanyar da ta miƙe zuwa gasar jiha da ta ƙasa, kuma su ne suka fi buɗe ƙofa ga 'yan mata, waɗanda tsofaffin fagage suka bar su a sahun masu guɗa, amma suna buƙatar malami ƙwararre da zaure da kayan sawa, abubuwan da suka fi samuwa a manyan birane fiye da ƙauyukan bakin tafki.

Matsalar kokawa a ƙasar Yauri ita ce ba mutum ɗaya ke zaɓenta ba. Ɗan dambe yana iya ɗaukar zarensa ya hau mota zuwa Kontagora ko Sakkwato ya sami fage, amma kokawar Gungawa da Kambari da Dukawa tana buƙatar ƙauye biyu, da dattawan da za su tsaya a kan ƙa'ida, da makaɗan da suka san taken kowane gida, da hanyar da jama'a za su bi su dawo da dare ba fargaba, abin da rashin tsaron shekarun nan ya sa ya yi wuya a sassan Ngaski da Shanga. Tsofaffin da suka yi kokawa a tsibirai kafin 1968 sun haura shekara saba'in, kuma sunayen kamu da na kaye a harshen Tsureshe, da jerin gwanayen kowane tsibiri, a bakinsu suke. Masarauta da ƙananan hukumomin uku da makarantun yankin suna da ikon ɗaukar maganarsu a rubuce da murya, su kuma ba kokawa rana tata a bikin Rigata da gasar makarantu, inda yaran Tondi da Zamare da Gebbe da Libata za su kara bisa nauyi da shekaru.